Gyaran Injin Matsa Ƙarfe Ƙirar Gida Da Yadda Ake Kula Da Shi



Ba na shakka da yawa daga cikinku da suka ga kan wannan lacca manne a jikin allo sun ɗauka kuskure aka yi wajen rubuta sunan mai jawabi, don kuwa ba a saba jin malamin Hausa yana magana a kan inji ba. To, ba kuskure aka yi ba. Abin da ya kai ni ga wannan batu shi ne wani aiki da na daɗe ina yi na tattara kalmomin sana'o'inmu, musamman ƙira. Cikin wannan yawo ne na saba da wata maƙera a bayan ganuwar Kano, inda wani dattijo da 'ya'yansa da yaransa suke ƙera garma da fartanya da gatari da lauje. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ban nemi izninsa ba. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Wata rana ina zaune yana lissafa mini kayan aiki ina rubutawa, uwar maƙera da masaba da guduma da awartaki da madoshi da zugazugi, sai idona ya kai kan wani dogon abu a kusurwar rumfa, an lulluɓe shi da tsohon kwano, kaji sun mai da ƙarƙashinsa akurki. Na ce, "Baba, wancan fa, mene ne sunansa?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wancan ba shi da suna. Inji ne, ya kuwa mutu."

Ƙanensa ne ya haɗa shi, wani mai walda da ya daɗe yana aiki da masu gina hanya. Ya samo silinda daga jikin tsohuwar gireda, ya samo famfo da bawul daga wata tarakta da ta kwanta, ya yanka ƙarafa masu kauri ya yi firam. Injin ya yi shekaru yana aiki. Bayan da Allah ya yi wa ƙanen rasuwa sai injin ya fara rage ƙarfi yana ɗigar da mai, har ranar da tiyo ya fashe, mai ya fesu a kan ƙarfen da aka fito da shi daga wuta, gobara ta cinye rabin rumfar. Daga ranar aka rufe shi, ya shekara shida a haka. A cikin shekarun nan Baba ya ƙara tsufa, samarin da suke ɗaga masa masaba sun watse neman wata sana'a, kowace bazara kuma manoma sukan zo neman garma su koma da rabin abin da suka zo nema.

Na zauna da littafina a maƙerar nan har mako biyar lokacin da aka tayar da injin, ga kuma abin da na fahimta. Duk abin da aka bukata na gyara an same shi a cikin Kano, yawancinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da aka rasa shi ne ilmin injin, wanda yake cikin kan mutum ɗaya, bai taɓa zama maganar da uba zai faɗa wa ɗa ba, aka kuwa binne shi tare da mai shi. Ilmin masaba da zugazugi bai ɓata ba cikin ɗaruruwan shekaru, saboda kowane abu nasa yana da suna, kowane kuskure yana da gargaɗinsa. Saboda haka zan yi ƙoƙari in bayyana injin nan da gyaransa da Hausa tsantsa, gwargwadon iko, mu ga ko harshen zai ɗauka.

Ƙira dai ita ce sauya siffar ƙarfe yana da zafi. Idan ƙarfe ya kai digiri 1,000 zuwa 1,200, watau ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, yakan yi laushin da za a iya miƙar da shi ko a faɗaɗa shi. Masaba da bugu take aiki, ƙarfinta na ƙiftawar ido ne, in kuma ƙarfen mai kauri ne yawancin bugun a fatarsa yake ƙarewa. Shi kuwa inji matsawa yake yi, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli take danne tunkuza, sai ƙarfin ya ratsa har tsakiyar ƙarfen. Guntun sifirin na babbar mota da majiya ƙarfi uku za su yi ta mayarwa wuta suna bugu, mutum ɗaya ya ishe shi da inji. Amma yana da aibinsa. Bakin injin yakan daɗe manne da ƙarfen yana zuƙe masa zafi, don haka da ƙarfe ya yi siriri sai ya huce nan da nan. Fitar da kaifin lauje ko bakin fartanya har gobe aikin guduma ne.

To, daga ina ƙarfin yake zuwa? Daga wata ɗabi'a ta ruwa da mai. Iska tana matsuwa, shi ya sa ake iya danne zugazugi ko da an toshe bakinsa. Ruwa ba ya matsuwa, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka cika salka da ruwa ka danne gefe ɗaya, ko'ina ta huje ta nan ruwan zai tsarto, sama ko ƙasa ko gefe. Wani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya tsara wannan ya zama ƙa'ida, aka buga bayaninsa a 1663: matsin da aka yi wa ruwan da ke kulle yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Alal misali, a haɗa bututu biyu, siriri da ƙato, kowanne da fistin a cikinsa, fuskar ƙaton ta ninka ta siririn sau hamsin. In ka danna siririn da nauyin kilo 40, ƙaton zai ɗaga kilo 2,000, watau tan biyu. Sai dai ba kyauta ba ce. Kafin ƙaton ya motsa santimita ɗaya, sai siririn ya yi tafiyar santimita hamsin. Abin da aka samu na ƙarfi, da tafiya da lokaci ake biyansa.

An yi fiye da shekara ɗari da sanin wannan ƙa'ida kafin a ci moriyarta, saboda duk injin da aka gwada sai ruwan ya sulale ta gefen fistin. A 1795 ne wani maƙerin kwado a Landan mai suna Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsi irin wannan. Abin da ya sa nasa ya yi aiki shi ne wani zoben fata da aka naɗe bakinsa, ta yadda ruwan da kansa yake buɗa shi ya manna shi da bango, in matsi ya ƙaru riƙon ya ƙaru. Da yawa suna danganta wannan dabara ga yaron aikinsa, Henry Maudslay. Ku lura, fata ce, irin wadda majemanmu da dukawanmu suka fi kowa sani. Yanzu roba ta maye gurbin fata, mai ya maye gurbin ruwa domin ba ya sa tsatsa kuma yana sa santsi, amma sunan da kanikawa suke kiran abin da shi, haidirolik, asalinsa kalmomin Girkanci ne biyu masu nufin ruwa da bututu.

Mu dawo kan injin Baba mu yi ɗan lissafi. Faɗin bakin silindarsa santimita 10 ne, fuskar fistin ɗin ke nan ta kai murabba'in santimita 78 da rabi. Gejin da ake auna matsi da shi yana ƙirga da abin da ake kira ba, kowane ba ɗaya kuwa kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan murabba'in santimita ɗaya. In geji ya nuna 200, injin yana danna ƙarfe da kusan tan 16 ke nan. Famfonsa yana tura lita 12 a minti ɗaya, fistin yana sauka santimita biyu da rabi a daƙiƙa. Wannan sauri shi ne bambancinsa da abin da wasu suke haɗawa da jak ɗin mota. Jak yana da ƙarfin, amma kafin mutum ya gama ɗaga hannunsa yana saukewa ƙarfen ya yi baƙi, Bahaushe kuwa ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Lokacin da nake karatu a Ingila na ga masu ƙira don sha'awa suna haɗa irin wannan inji a bayan gidajensu da famfon injin faskare, lissafinsu kuma bai bambanta da wannan ba.

Mutum biyu ne suka yi gyaran: ɗan Baba na uku, wanda ya gama makarantar koyon sana'a, da wani tsohon bakanike da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin katafila. Ranar farko yara suka ɗauko galan za su zuba mai a kunna a ga abin da zai faru. Bakanike ya hana. Ya sa aka cire wayar lantarki, aka tokare kan injin da gungumen itace don kada ya faɗo, ya yi ta kai hannun bawul gaba da baya har ya tabbata babu sauran matsi a cikin bututu. Sa'an nan, maimakon ya nufi famfo inda kowa ya zuba ido, sai ya nufi firam.

Dalilinsa shi ne, ƙarfin da yake danna ƙarfe ƙasa, shi ne kuma yake tura kan firam ɗin sama. Kowace matsa, tan goma sha wani abu tana neman raba firam gida biyu, waldar kusurwoyi ce kawai take hanawa. Walda kuwa ba ta cika tsinkewa farat ɗaya ba. Tsaga take farawa, siririya kamar gashi, ta yi ta tafiya a ƙarƙashin fenti da datti. Yadda ya nemo ta ya burge ni. Aka kankare kusurwoyin tas, aka jiƙa su da kananzir, aka bari ya shiga, aka goge. Sai ya dama alli ya shafa. Da allin ya bushe, sai ga layi biyu baƙaƙe sun fito a kusurwoyin sama, inda kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsaga ya tsattsafo. Tsohuwar dabara ce ta masu gyaran jirgin ƙasa, ba ta kuma bukatar abin da ya wuce kuɗin alli. Ya huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga don ta tsaya, aka goge ta da injin gurza har aka kai gindinta, aka cika da walda bi da bi, kana aka ƙara faranti mai kusurwa uku ya tallafe kowane lungu. Ɗora walda a kan tsaga ba tare da an tono ta ba, in ji shi, daidai yake da shafe bangon da ya dare da farar ƙasa. Ya kuma duba hanyar da kan injin yake bi in yana sauka, ya tarar ta cinye har kan yana karkata. Kan da yake karkata yana lanƙwasa sandar fistin, don haka aka cike giɓin da faranten tagulla.

Da aka kwance silinda, sai aka ga sandar fistin, wadda ya kamata ta yi sheƙi kamar madubi, tsatsa ta yi mata zanzana, saboda an bar ta a waje shekara shida. Sanda mai zanzana magagari ce, kowace shiga da fita tana cin robar da ke bakin silinda. Da tabon sama-sama ne, da samfefa mai laushi ta isa. Wannan ya yi zurfi, dole aka nemo wata. Robobin ciki kuwa wasu sun bushe suna farfashewa a hannu, wasu sun kumbura sun yi taɓo-taɓo. A nan ne na koyi cewa yoyo iri biyu ne. Akwai na waje, wanda kowa yake gani a ƙasa. Akwai kuma na ciki, inda mai yake tsallake fistin daga wannan ɓangare ya koma wancan, ko ɗigo ɗaya bai zuba ba. Alamarsa ita ce inji yana ƙara kamar kullum amma ba ya cin ƙarfe, kai yana sulalowa da kansa in an tsayar da shi, mai kuma yana saurin ɗaukar zafi.

Yanzu sai mai, wanda a ganina shi ne kan maganar. Da aka buɗe tanki, abin da aka kwaso daga gindinsa ya fi kama da kunun kanwa: ruwa a ƙasa, laka a tsakiya, mai a sama. Da aka bi diddigi, sai yaran suka faɗi gaskiya. Bayan rasuwar mai injin, duk lokacin da mai ya ragu, baƙin man da aka juye daga manyan motoci suke ƙarawa, domin kyauta ake samunsa. Sau ɗaya ma man birki aka zuba, tunda shi ma an ji ana ce masa haidirolik, shi ne kuwa ya kumbura robobin, domin irin robar da aka yi don man inji ba ta shiri da man birki. Tsakanin haƙoran famfo da bangonsa akwai rata wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Duk ƙwayar ƙura ko garin ƙarfe da ya shiga mai sai ya bi ta nan, sau dubbai a yini, yana gurza.

Ta ina ƙurar take shiga? Tanki numfashi yake yi. In fistin ya fita, mai ya ragu a tanki, sai ya shaƙi iska. In ya koma, sai ya fitar. Murfin asali yana da matata a cikinsa, amma ya ɓace tuntuni an cusa tsumma a gurbinsa. Ku tuna irin ƙurar da hunturu yake kawo mana, ku haɗa da tokar maƙera da ɓawon da yake zuba daga jikin ƙarfe mai zafi. Da damina kuma iskar mai laima ce, in dare ya yi tanki ya huce sai raɓa ta taru a cikinsa. Aka wanke tankin da kananzir, aka sa rariya a bakin bututun da famfo yake zuƙa, aka sa matata a hanyar da mai yake komowa, aka sayo murfi na gaske. Man wannan aiki lamba gare shi, wadda take nuna kaurinsa. Mai lamba 46 ko 68 ake so, Bakanike ya zaɓi 68 saboda zafin ƙasarmu yana tsinka mai. Kuɗinsa ya fi na kowane abu da aka saya, har Baba ya so ya ja da baya. Ya ce, "Yanzu mai ba mai ba ne?" Bakanike ya ce, "Baba, gawayi ma ai gawayi ne. Don me kake aikawa a nemo maka na ƙirya?" Baba ya yi dariya ya buɗe aljihu.

Famfon bai gyaru ba, haƙoransa sun riga sun ci bango, aka sauya shi. Kafin a kunna sabon sai da aka cika cikinsa da mai, aka kuma tabbata injin lantarkin yana juya shi ta fuskar da kibiyar jikinsa ta nuna. Famfo mai lafiya gunji yake yi a tsaye. In ka ji shi kamar ana niƙa tsakuwa, to yana zuƙar iska ne ko rariyarsa ta toshe, a kashe shi nan take.

Akwai wani ɗan bawul da bai fi babban yatsa ba, wanda a kansa ne aka gano musabbabin gobarar. Famfo ba shi da hankali. Muddin yana juyawa sai ya tura mai, ko fistin ya kai ƙarshe ko ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa. Dole a sami ƙofar da za ta buɗe in matsi ya kai iyaka, mai ya koma tanki. Ƙofar ita ce wannan bawul, sifirin ne yake danne ta, akwai kuma noti da ake ƙara ko rage ƙarfin sifirin ɗin da shi. Aka tarar an ɗaure notin har ƙarshe. Ga yadda abin ya faru: gurɓataccen mai ya cinye roba da famfo, inji ya rage ƙarfi, wani yaro ya gano in an ɗaure notin nan ƙarfin yakan ɗan dawo, aka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan, geji kuwa ya daɗe da fashewa balle a ga inda aka kai. Da sanyin safiya mai yana da kauri, ko famfon da ya gaji yana iya tara matsi mai yawa, ƙofa kuma a rufe. Sai tsohon tiyo, wanda wuta ta daɗe tana gasawa, ya buɗe tasa ƙofar.

Bakanike ya yi ta bayani da kalmarsa ta aro, ban ga alamar ta shiga ba. Can sai Baba ya ce, "Tsaya. Wannan ai indararo ne." Ya juya ga yaran ya ce, "Wa ya taɓa ganin an toshe indararo da damina don soro ya ƙara ƙarfi?" Jama'a, na yi shekaru ina zama a kwamitocin ƙirƙirar kalmomi, ban taɓa ganin kalma ta faɗa gurbinta kamar wannan ba. Ba fassara ba ce, amma ta ɗauko aikin abin da haɗarin taɓa shi gaba ɗaya, kuma duk yaron da ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ruwa yake yi wa rufin da ba shi da mafita. Aka kwance notin gaba ɗaya, aka sa sabon geji, aka riƙa ɗaurewa a hankali har allura ta tsaya a kan 180, watau wajen tan 14. Bakanike ya ƙi kai shi 200 saboda firam ɗin gyararre ne. Aka kulle, aka ɗiga jan fenti a kai don a gane in wani ya taɓa.

Tiyo kuwa duka aka zubar. Na wannan aiki yana da saƙar waya a cikinsa, an kuma rubuta iyakar matsin da yake ɗauka a jikinsa, dole ta wuce abin da injin yake yi. An sami wata gwiwa ta bututun ruwan famfo a tsakiyar layin, aka cire ta, domin ba a yi ta don ko kusa da wannan matsi ba. Aka bi da sababbin ta bayan firam, aka kare su da faranti, aka kuma sa wani a ƙarƙashin bakin silinda don kada ɗigo ya faɗa kan aiki. Man nan yana iya kama wuta a wajen digiri 200, ƙarfen da ake ƙerawa kuwa ya ninka haka sau biyar. Bokitin yashi da abin kashe gobara suna nan kusa, ba a zuba wa wutar mai ruwa.

Ina roƙon ku riƙe abin da zan faɗa yanzu, ko da kun manta sauran, domin ya shafi duk mai aiki kusa da tarakta ko tifa. In tiyo ya yi huji ƙarami kamar na allura, man da yake fita ba a cika ganinsa ba, amma yana huda fata. Matsin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da injin nan yake aiki da shi ba ya isa ya yi haka. Mutum ya shafa tiyo da hannu yana neman inda yake yoyo, ya ji kamar ƙudan zuma ya harbe shi, ya ga ɗan tabo, ya ci gaba da aiki. Alhali kuwa mai ya riga ya shiga cikin nama yana kashe shi, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. Da kwali ake neman yoyo. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, domin aikin tiyata ne, ba na shafa magani ba.

Ranar gwaji sai da aka yi ta kai fistin sama da ƙasa babu kaya, har iskar da ta maƙale ta fita, kumfa ya kwanta a tanki. Sa'an nan Baba da kansa ya ɗauko ƙarfe da awartaki ya aza. Su a maƙerar, ƙarfen ƙasa da ake aza aiki a kai uwa suke ce masa, na sama kuma ɗa, kamar dutsen niƙa. Ɗa ya sauko, ƙarfen ya baje shiru babu amo. Baba ya juya shi ya duba ya ce, "Aiki ya yi, amma ba na jin sa a hannuna." Wannan magana gaskiya ce. Mai guduma yana jin ƙarfe ya fara hucewa ta damtsensa da kunnensa, inji kuwa ba ya gaya masa kome, zai matse sanyayyen ƙarfe kamar yadda zai matse mai zafi, har ƙarfen ya tsage ya yi tsalle ya sami wani. Don haka dokokinsa uku ne da ba a sassautawa: ba a sa ƙarfen da ya yi baƙi, ba a aza aiki sai a tsakiyar uwa, kuma wanda ya riƙe awartaki shi kaɗai yake ba da umurnin a sauke. Kauri kuwa, sai a aza ɗan guntun ƙarfe a gefen uwa daidai kaurin da ake so, in ɗa ya taɓa shi an kai.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, ni da ɗan Baba muka rubuta ta a kan allo, da boko da ajami, aka rataye. Kowace safiya a share ɓawon ƙarfe, a goge sandar fistin, a duba yawan mai, a dubi ƙasa ko akwai sabon ɗigo. Da rana a aza tafin hannu a jikin tanki, in ba a iya barinsa na 'yan daƙiƙoƙi ba, mai ya doshi digiri 60, a huta. Kada a riƙe hannun bawul bayan fistin ya kai ƙarshe, domin duk man da ya bi indararo zafi yake komawa. In ƙwan lantarki ya dushe kada a kunna, ƙarancin wuta yana ƙone inji. In an tashi aiki a mai da sandar fistin ciki, a tokare kai. Kowace Jumma'a a bi notuna da sufana, a sa giris a hanyar kai, a duba tiyo. Da damina a riƙa kwance marufin gindin tanki da sassafe a zubar da ruwan da ya kwanta. Bayan hunturu, kafin aikin garma ya kankama, a sauya matata, a maimaita gwajin kananzir da alli. In mai ya koma kamar madara ko yana ƙaurin ƙuna, a sauya shi duka.

Ma'aikatan da ke cikinmu sun fi ni sanin yawan taraktoci da injuna da suke kwance ƙarƙashin itatuwa a harabar ma'aikatu. Na tabbata in aka buɗe tankunansu za a tarar da kunun nan a da yawa daga ciki. Akan ware kuɗin sayen inji, a manta da na matata da mai, littafin kula da shi kuma da Turanci yake, yana kulle a durowar mai sito, direban da yake yini a kansa bai taɓa ganinsa ba. In kun koma ofis, ku tambaya ko akwai takarda ɗaya tak da aka rubuta wa direban da harshen da yake karantawa.

Saura sunan injin kansa. Hausa tana da hanyar da take ƙera sunan kayan aiki daga aikatau: girba ta ba mu magirbi, sassabe ta ba mu masassabi, buɗa ta ba mu mabuɗi. Bisa wannan ƙa'ida matsa za ta ba mu mamatsi, shi na kuma rubuta a saman allon da hannuna. Na koma maƙerar bayan wata uku, ana tsakiyar aikin garma, allon yana nan a rataye, jan fentin ba a taɓa shi ba. Indararo ya zauna a bakin kowa, haka uwa da ɗa. Mamatsi kuwa ban ji ko mutum ɗaya ya faɗa ba. Ina nan zaune sai na ji babban ɗan Baba yana ce wa wani yaro, "Je ka duba wa Baffa mai kafin a tashe shi." Da sunan da suke kiran marigayin suke kiran injin, haka kuwa na shigar a littafina.